Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina a Filin Gawo

Yanzu mun iso shekarar ƙwallo, kuma a nan nake so ku buɗe kunne da kyau, ku 'ya'yana da jikokina, domin babu labarina da aka ɓata kamar wannan. Da kunnena na ji wata yarinya a gidan suna tana ba wa ƙawayenta labari, wai Inna Dije ta shiga fili da muciya ta kori alƙalin wasa, daga nan 'yan garinmu suka ci huɗu suka ɗauko kofi. Wata kuma cewa ta yi laya na binne a bakin raga. Ni ban san bihim ba, ko sunana aka rubuta sai an nuna mini, shi ya sa na zaunar da jikata Rukayya take rubuta abin da nake faɗa. Amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini, kuma ƙarya ko ta yabo ce ba na so a ɗora mini ita. Babu muciya, babu laya, babu kofi. Abin da na yi a ranar ya fi mini duk waɗannan nauyi.

Sai na fara yi muku bayanin wani abu, tunda ku 'yan yanzu uwa tana ɗaukar ɗanta na fari hoto a waya tana nuna wa duniya. A garinmu na ƙasar Baure, a zamaninmu, mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta zama ta yi doguwar hira da shi. In ta kama dole sai ta ce "kai" ko "wannan yaron". Ni kuwa na kai abin ƙarshe. Da ni ake yi wa amare kwatance, a ce ku dubi Dije, ɗanta ya faɗi a gabanta ya fasa baki ba ta ko ɗaga kai ba. Da ya girma ya zama malamin firamare sai Allah ya kawo mini sauƙi, na bi sahun mutane ina ce masa Malam. Shekara arba'in da ɗaya sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Autana Sabi'u kuwa, ɗan acaɓa mai zirga-zirga tsakanin Baure da bakin iyaka, shi ya sha kira. Sau goma a yini, har da kirari.

Ƙungiyar ƙwallon garinmu 'Yan Gindin Gawo ake ce mata, saboda ƙaton gawon da ke bayan ragar gabas. Bayan rasuwar kakanku Idi sai na koma suyar ƙosai da yamma a gindin gawon nan, don zaman ɗaki ba ya karɓata. Ina ba wa yaran ruwa, ranar wasa in dama musu kunun tsamiya bokiti guda su sha a hutun rabin lokaci. Da haka suka naɗa ni uwar ƙungiya, har da tafi. Shekara tara ina kallon ƙwallo ta saman kasko. Duk wanda ya ce muku tsohuwa ba ta san satar gida ba, ku turo mini shi.

Shekarar da ta gabaci wadda nake ba ku labari, an kai yaran wani gari an yi musu bakwai babu ko ɗaya. Kocinsu na lokacin bai ko biyo motar dawowa ba, daga can ya wuce Kano wurin 'yan'uwansa. Sai dattawan ƙungiya suka roƙi Malam ya karɓa, tunda shi mai ilimi ne, kuma ba ya fashin gidan kallon ƙwallon Turai. Ya karɓa, ya zo da sabuwar dabara. Sai ya tara yaran a gindin gawo, ya ɗauki kara yana zane a ƙasa, ni ina juya ƙosai ina saurare.

"Wanda ƙwallo ke ƙafarsa ba a cin sa," in ji shi. "Kada wanda ya buga ta gaba sai ya tabbata. In ba ka tabbata ba, ka mayar baya. Baya ba abin kunya ba ne."

To, sai yaran suka riƙe maganar fiye da yadda ya faɗe ta. Gola ya ba wa ɗan baya, ɗan baya ya ba wa ɗan tsakiya, ɗan tsakiya ya ɗaga kai ya hango ragar mutane, sai gabansa ya faɗi, ya juyo ya mayar wa ɗan baya, shi kuma ya mayar wa gola. Gaskiya ba a sake yi musu bakwai ba. Amma wasa shida suka buga a gasar ƙaramar hukuma ba su zura ko ɗaya ba, daga canjaras babu ci sai a lallaɓo a ci su ɗaya. Ƙawata Tabawa, mai sayar da gyaɗa a kusa da ni, bakinta ba ya shiru.

"Dije, wannan ƙwallo ce ko jaririn ranar suna?" in ji ta. "Wannan ya karɓa ya ce tubarkalla ya miƙa wa wancan, a ƙarshe a mayar wa uwarsa."

'Yan kallo kuwa har waƙa suka yi, da zarar ƙwallo ta juya baya sai su ɗauka gaba ɗaya, a kai wa gola, a kai wa gola, ya daɗe bai gan ta ba. Daga baya ma suka daina zuwa, sai awaki.

Sabi'u shi ne ɗan gaban ƙungiyar, kuma tsayuwa yake yi a can shi kaɗai kamar mai jiran fasinja ranar da ba kasuwa. A wasa na shida haƙurinsa ya ƙare. Ya sauko tsakiya ya ƙwace ƙwallo a ƙafar nasu, ya yanke mutum uku, ya buga. Ta daki turke ta dawo, abokan karawa suka ɗauke ta a guje, kafin 'yan bayanmu su farga an ci mu. Malam ya fitar da shi nan take, ya ce benci ne wurinsa har ƙarshen gasa. Washegari da hantsi suka haɗu a tsakar gida, Sabi'u yana wanke babur, ni ina tankaɗe a ƙofar ɗaki kamar ba na ji.

"Yaya, ƙwallon nan fa ba ajiya aka ba mu ba."

"Kai acaɓa ka sani. Ka murɗa ka tafi, in ka faɗi a kwashe ka."

"In na faɗi ai a hanya na faɗi. Kai baburinka yana jingine a zaure kana murna taya ba ta fashe ba."

"Da ka mayar baya da ba a ci mu ba."

"Da na mayar baya da har yanzu muna can muna mayarwa!"

Na yi gyaran murya, kowa ya kama gabansa. A lokacin dariya ma abin ya ba ni. Dariyar ta tsaya ne bayan kwana biyu, da matar Malam, Hauwa, ta same ni a bakin murhu ta durƙusa tana wasa da bakin zanenta. Ta ce Malam ya cika takardar neman canjin wurin aiki zuwa can kudancin jiha, tana cikin aljihun rigarsa ta Juma'a. Saura wasa ɗaya, da 'yan garin Babban Mutum. In ba su ci wasan nan ba za a fitar da 'Yan Gindin Gawo daga gasar, ko da canjaras aka yi. Malam ya rantse in aka fitar da su a hannunsa ba zai iya sake zama a teburin mai shayi na garin nan ba, zai miƙa takardar ya kwashe ta da yaransu biyar su tafi. Har da ke Rukayya, kina aji uku a lokacin.

Ku da kuke ganin ban taɓa yi masa wasa ba, ba ku san cewa da tarinsa na asuba nake tashi ba. Ɗakinsa yana kallon nawa. Na saba in ji ƙarar butarsa, in ji ya tsaya daga bakin ƙofata ya ce "Inna an tashi lafiya", in ce "lafiya" ina kallon bango. Wannan ita ce duk hirarmu, kuma ita ce ba na so a ɗauke mini.

Na aika masa Hauwa da saƙo, a kan ya saki yaran su yi wasa. Na aika ƙanin ubansa. Amsa ɗaya ce take dawowa, cikin ladabi, wai a ce wa Inna ta yi mana addu'a, sauran na sani. Ni kuwa na san daga inda ciwon yake, kuma ba daga bakwai ɗin nan ya fara ba. Kakanku Idi mutumin binne ne. Binne shi ne ka shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwan farko bai sauka ba, ka bar wa Allah. In ruwa ya zo da kyau ka riga kowa, kana cin tumu wasu suna noman farko. To, wata shekara aka yi ɗan yayyafi, iri ya tsiro, sai sama ta ɗauke. Tsiron ya ƙone ƙurmus, kuma babu sauran iri a rumbu. Malam yana da shekara goma sha biyu, shi ubansa ya aika gida-gida da ƙwarya yana roƙon iri. Tun daga ranar yaron nan bai sake sakin abin da ke hannunsa ba. Ko rake aka ba shi sai ya ɓoye rabi.

Ranar wasan ta zo, cikin bazara, ana zafi kamar a bakin maƙera, manoma kowa yana ɗaga kai yana duban gabas. Mutane sun cika fili, wasu don ƙauna, wasu don su ga jana'iza. 'Yan Babban Mutum canjaras ya ishe su, saboda haka da suka ga namu suna miƙa wa juna jariri sai suka ja baya suka tsaya suna kallo, wani har da riƙe ƙugu. Ragarsu ce a gabas a zagayen farko, kusa da kaskona. Ana tsakiyar wasa golansu, wani dogo mai wushirya, ya jingina da turke ya leƙo.

"Inna, a miƙo mini guda uku masu zafi in ci kafin su iso."

"Ɗan nema, koma bakin aikinka!"

"Wane aiki, Inna? Tun ɗazu ko gaisuwa ba su aiko ba."

Tabawa ta yi dariya har tiren gyaɗarta ya karkace. Ni kuwa ban yi ba. Na hango Sabi'u a benci ya dafe kai, na hango Malam a bakin layi yana yi wa yaran alama da hannu, a hankali, a hankali. Aka busa usur na hutu babu ci.

Na ɗauki bokitin kunu kamar kullum na kai musu inda suke zaune a ƙasa. Al'adata in ajiye in juya. Ranar ina ajiyewa na ji Malam yana ce musu sun yi daidai, su ci gaba da haƙuri, dama za ta zo da kanta. Sai ƙafata ta ƙi tafiya. Na ce "Malam". Bai ji ba, ko ya ji ya yi kamar bai ji ba. Na ce "kai". Ya ci gaba da zanensa a ƙasa. Mutane sun kewaye mu, dattawan ƙungiya, 'yan acaɓa, matan da ke talla, duk ido. Sai na buɗe baki na kira shi da sunan da liman ya raɗa masa, cikakke, da ƙarfin da ake kiran mai nisa a gona. Ke Rukayya kin san sunan ubanki, ba sai na maimaita ba, kuma kada ki rubuta.

Wallahi har mai sayar da ruwan leda ya yi shiru. Karan da ke hannunsa ya faɗi. Ya juyo yana dubana kamar bai taɓa ganina ba, sai ya cire hula ya durƙusa a gaban yaran da yake koyarwa. Tunda na riga na tsallaka, sai na ƙarasa.

"Canjaras zai fitar da ku, kashi ma zai fitar da ku. To me kake ɓoyewa, kuma wa kake ɓoye wa? Irin da ke cikin rumbu ba ya tsira. Ubanka shekara ɗaya ya yi asara, ita kaɗai ka riƙe, ka manta shekarun da muka riga duk garin nan cin sabon gero. Ka sa ƙaninka. Ka bar yaran mutane su je su ga ragar can da idonsu."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "To, Inna." Ya miƙe ya dubi benci ya ce, "Sabi'u, cire silifas."

Ga inda masu ba da labari suke fara ƙarya, to ku ji gaskiya. Ƙwallon farko da autana ya taɓa, ya ce zai yanke mutum biyu, suka ƙwace, suka ruga, suka ci mu. Ko minti uku ba a yi ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Dije," in ji Tabawa a kunnena, "binnen naki ya ƙone."

Na ci gaba da juya ƙosan da ya riga ya soyu. Amma yaran kamar an kwance musu dabaibayi. Tunda an riga an ci su, babu sauran abin tsoro. Suka fara kwarara gaba. Ba a jima ba wani ya ɗago wa Sabi'u ita daga gefe, ya tare da ƙirji, ya ɗaɗa ta, dogon nan mai wushirya ya yi tsalle ya kamo iska. Jama'a! Wasa bakwai rabon garinmu da ganin raga ta motsa. 'Yan acaɓa suka danna oda gaba ɗaya, tsofaffi suna jefa huluna sama, ni kuwa sai ji na yi ana rangaɗa guɗa, ashe daga bakina take fita. Muna cikin murna suka sake lallaɓowa suka ci mu na biyu, don 'yan bayanmu duk sun tafi yawon buɗe ido.

Na biyunmu kuwa, in ba na faɗi gaskiya ba Allah zai tambaye ni, aikin Malam ne. Yaran suka kama miƙa wa juna ɗin nan da suka shekara suna koya, wannan ya ba wancan, wancan ya ba wannan, 'yan Babban Mutum suna bi suna haki, sai dai a wannan karon gaba ake tafiya. Har aka kai ta ƙafar Ɗanliti mahauci, wani jibgegen ɗan baya da tunda ya fara wasa bai taɓa tsallaka layin tsakiya ba. Ya tsinci kansa a gaban raga, ya waiga ko akwai wanda zai mayar wa, babu. Sai ya rufe ido ya buga. Ta shiga. Ya tsaya yana tambayar mutane wai shi ne? Biyu da biyu.

Saura kaɗan a tashi muka samu bugun kusurwa, kuma canjaras ba zai yi mana amfani ba. Da idona na ga Malam, Malam ɗin da ke ɓoye rabin rake, yana kaɗa wa golansa hannu yana ihu, "Tafi! Kai ma tafi!" Aka bugo, aka yi cincirindo, Sabi'u ya sa kai, ta goge turke ta faɗo ƙafar wani ɗan Babban Mutum. Ya dubi ragarmu can nesa babu kowa a ciki, ya ɗaga ta sama. Duk fili muka bi ta da ido tana gangarawa a hankali kamar tsohuwa za ta unguwa, har ta shige. Uku da biyu. Aka busa usur. An fitar da mu.

Abin mamaki, mutanen gari ba su watse da zagi ba. Ɗanliti suka so ɗauka a kafaɗa, da ya gagara suka ɗauki Sabi'u. Amma ni ban tsaya ba, na kwashe kaskona na bi ta bayan makaranta. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Matan unguwa suna leƙe ta katanga, wata sa'ata ta ce, "Ashe Dije kin san sunan?" Daga ranar ba a sake yi wa wata amarya kwatance da ni ba. Abin da na shekara arba'in ina ginawa na rushe shi tsakanin la'asar da magariba, kuma kada ku ɗauka bai yi mini zafi ba, har yau in na tuna idon mutanen nan sai na ji kunnena ya yi ɗumi. Ga shi kuma an ci mu, da bakina, kuma takarda tana nan a aljihu.

Da safe na ji ƙarar buta, na ji takunsa. Bai tsaya a bakin ƙofa ba, ya ɗaga labule ya shigo ya zauna a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro. Na juya fuskata bango.

"Inna an tashi lafiya."

"Lafiya."

"Inna, da kin bar ni da ba a ci mu uku ba."

"Da an fitar da ku da riga mai tsabta."

Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, irin ta ubansa. Ya ce duk tsawon shekarun nan yana zaton ko na manta sunan ne. Na ce ya kiyaye ni. Kaji suna ta tsattsaga a tsakar gida. Na daure, har yanzu ina kallon bango, na tambaye shi.

"Takardar fa?"

"Wace takarda? Hauwa ce ko?" Ya yi tsaki kaɗan. "Inna, ina zan je in bar yaran nan a hannunki ke da autanki? Kafin kaka kun sa an ci su goma."

Ya tashi ya kaɗe wandonsa ya fita, ina jin sa a tsakar gida yana ƙwala wa Sabi'u kira, wai ya sanar da yara akwai atisaye da la'asar, kuma duk ɗan bayan da ya sake tsallaka tsakiya ba da izini ba zai zagaye fili sau goma, ban da Ɗanliti.

Ga shi nan har yau a ɗakin da ke kallon nawa, gemu ya yi fari. In kuka tambaye shi labarin wasan nan zai ce muku ni na kayar da su. Kada ku musa masa, gaskiyarsa ce. Ni na kayar da su, shi kuma bai tafi ba, alhamdu lillahi.